Darasi Domin Iyali: Yadda Akwatin Imel Zai Riƙa Tsara Kansa

Manufar darasi: iyali su san yadda ake sa kwamfuta ta ware saƙonni, domin kada muhimmiyar wasiƙa ta ɓace a cikin tarkace.

Gabatarwa

Iyalai da yawa a Kafanchan, Kagoro, Zonkwa da Kwoi sun buɗe imel ne saboda karatun yara, tun da hukumar JAMB tana bukatar adireshin imel daga kowane ɗalibi. Bayan 'yan shekaru sai akwatin ya cika da talla da sanarwar banki. Gmail na kyauta yana ba da gurbin gigabait 15, wanda ake rabawa da Google Drive da Google Photos. Idan gurbin ya cika, sabon saƙo ba ya shiga, ko da kuwa na kiran aiki ne ko na tallafin karatu.

Mataki na farko: matata

Tun 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo, inda aka riƙa juya jirgi zuwa Jos ko Kaduna ko Inugu. Haka matata take yi wa saƙonni. A buɗe Gmail a kwamfuta, a rubuta adireshin makaranta a wurin bincike, a zaɓi ƙirƙirar matata, a ba ta laƙabi kamar "Makaranta". Daga nan duk wasiƙar makarantar za ta tafi wurinta. Rubuta larger:10M yana fito da manyan saƙonnin da suka cinye gurbi, older_than:1y kuma yana nuna waɗanda suka wuce shekara.

Mataki na biyu: ɗan rubutaccen umarni

Matata tana aiki ne a lokacin da saƙo ya iso, ba ta komawa kansa bayan wata guda. A nan ne Google Apps Script, wanda ya fito a 2009, yake da amfani. A shafin script.google.com ana rubuta 'yan layuka da yaren JavaScript: GmailApp.search yana nemo tallan da ya wuce kwana 30, moveToArchive kuma ya kawar da shi daga gaban akwati ba tare da sharewa ba. Sai a sa masa lokacin tashi sau ɗaya a rana. Umarnin yana gudana ne a na'urorin Google, saboda haka ɗaukewar wuta a gida ba ta hana shi aiki.

Mataki na uku: ajiya da lissafi

Wanda ya ƙware yana iya sa umarnin ya kwashe rasidin kuɗin makaranta daga imel zuwa Google Drive, ya kuma rubuta kwanan wata da sunan mai aikowa a Google Sheets. Sakataren ƙungiyar manoman citta a Kachia ko ma'ajin ikilisiya zai amfana da wannan ƙwarai. Akwai iyaka: umarni ba ya wuce minti 6 a tashi ɗaya, asusun kyauta kuma ba ya aika wa fiye da mutum 100 a rana ta wannan hanya.

Gargaɗi

Umarnin da aka ba izini yana iya karanta dukan wasiƙun gida, ya aika, ya share. Kada a kwafi wanda ba a fahimci aikinsa ba, komai amincin wanda ya kawo shi. A fara gwaji da saƙonni goma. A zaɓi ajiyewa a kan sharewa, gama abin da aka jefa kwandon shara yana ɓacewa bayan kwana 30. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne wasiƙu uku ne iyali ba za su so su rasa ba?
2. Ban da mai akwatin, wa ya san kalmar sirri?
3. Wane saƙo ne bai kamata a bar wa kwamfuta hukuncinsa ba?