Abin Da Na Koya A Jinyar Goggona

A hutun da ya wuce na koma ƙauyenmu da ke kusa da Ɗambatta, na tarar ana girbin dawa, amma Goggo ko tulu ba ta iya ɗauka. Da ta yi 'yar tafiya sai ƙirjinta ya yi nauyi, ta tsaya tana haki. Aka kai ta asibiti, daga nan aka tura ta wani babba. Da yake ina ɗan jin Turanci, Baba ya ce in bi su.

Likita ya ce zai duba jijiyoyin da ke ciyar da zuciyarta. Yadda ake yi shi ne, a huda jijiyar wuyan hannu, wadda ake taɓawa a ji bugun jini, a zura siririn bututu har bakin zuciya, a tura wani ruwa mai fitowa a hoto, a ga inda hanya ta toshe. Wani likita Bajamushe, Werner Forssmann, shi ya fara kai bututu zuciyar mutum a 1929, kuma a jikinsa ya gwada. Bi ta wuyan hannu kuwa, Lucien Campeau na Kanada ya bayyana shi a 1989. An fi son wannan hanya don jini bai cika zuba ba, kuma majinyaci kan tashi da wuri.

Sai dai jijiyar nan faɗinta milimita 2 zuwa 3 ne kawai, ga tsoka a bangonta. In an dame ta sai ta tsuke kamar bushiya, ta riƙe bututun, hannu ya ɗau zafi. Haka ya sami Goggo. Likita ya zuba maganin saki jijiya, ya dakata har ta saki, sa'an nan ya gama aikinsa. Da ta ƙi, da sai an koma ta gindin cinya.

Na tambaye shi dalili. Ya ce abin ya fi samun mata da masu ƙaramin jiki, domin jijiyarsu siririya ce. Yawan huda wuri ɗaya, da kaurin bututu, da daɗewar aiki, da jijiya mai lanƙwasa, duk suna jawo shi. Haka kuma tsoro da jin zafi, gama su ne ke sa jijiyoyi su matse. Goggo kuwa kwana ta yi ba barci, wai ta ji za a tsaga mata ƙirji.

Wannan ya tsaya mini a rai. Ni na ji bayanin likita tun farko, amma kunya ta hana in zauna in fassara mata sosai. Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, in an kai iyayenmu asibiti, mu tambaya, mu fahimta, mu yi musu bayani da Hausa har hankalinsu ya kwanta. Goggo dai tana gida tana shan magani. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.