Shirya Intanet na Gida Domin Sabon Tsarin Adireshi, IPv6

Duk na'urar da ke hulɗa da wata a intanet sai ta mallaki adireshi, kamar yadda wasiƙa ba ta isa hannun mai ita sai da sunan gari da unguwa. Tsohon tsarin adireshin, wato IPv4, an fitar da shi ne a 1981. Tsawonsa bit 32 ne, don haka adireshin da yake iya bayarwa bai wuce biliyan 4.3 ba. A watan Fabrairu na 2011 hukumar IANA ta raba ragowar da ke hannunta ga cibiyoyin yankuna biyar, ciki har da AFRINIC mai kula da Afirka. Saboda wannan ƙaranci, kamfanoni da yawa kan haɗa gidaje barkatai a kan adireshi guda. Idan aka toshe adireshin saboda laifin mutum ɗaya, sai abin ya shafi kowa.

Sabon tsarin, IPv6, wanda aka fara bayyanawa a 1995, tsawonsa bit 128 ne. Yawan adireshinsa ya kai 340 da sifiri 36 a bayansa. Tsarin biyu ba sa jin yaren juna kai tsaye, shi ya sa galibi ake tafiyar da su tare a gida ɗaya.

Matakan shiri

Na farko, maigida ya tambayi kamfanin da ke ba shi intanet ko yana bayar da IPv6. In ba ya bayarwa, sauran shirin sai ya jira.

Na biyu, ya duba rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a cikin gida. A sabunta manhajarta, sannan a kunna IPv6 a shafin saitinta. Kamfani ba adireshi ɗaya yake bai wa gida ba, rukuni ne guda, mai alamar /64 ko /56. Rauta takan sanar da farkon adireshin, kowace na'ura kuma ta ƙarasa nata da kanta.

Na uku, a tabbatar katangar tsaro ta rauta tana aiki a kan IPv6. Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci. A tsohon tsari na'urorin gida a ɓoye suke a bayan adireshi guda, amma yanzu kowace kyamara da kwamfuta tana da adireshin da za a iya nufa daga ko'ina a duniya. Wajibi ne katangar ta hana duk saƙon da ba daga cikin gida aka nemo shi ba.

Na huɗu, a gwada. A duba adireshin waya ko kwamfuta: wanda ya fara da 2 ko 3 na fita duniya ne, wanda kuwa ya fara da fe80 iyakarsa cikin gida.

Kada a yi gaggawar kashe IPv4, domin har yanzu akwai shafuka da tsofaffin na'urori, irin su wasu firintoci, da ba su san wani tsari ba sai shi.