Gashin Kayan Zaƙi A Gida Tare Da Yara: Darasi Daga Jos

A garin Jos, da zarar watan Disamba ya kama, hunturu ya sauko, makarantu sun yi hutu, sai yara su taru a gida, uwaye kuwa su shiga tunanin abin da zai ɗauke musu hankali. Lokacin nan ne kuma na bukin Kirsimeti, kamar yadda a ke da na Salla a nasa watan, inda maƙwabta kan aika wa juna da cincin da kek da sauran kayan ƙwalama. Yawancin waɗannan abubuwa saye a ke yi, alhali kuwa uwar gida na iya gasa su da kanta, da kayan da ke kasuwar unguwa, ba tare da tanda irin ta Turawa ba. Idan ta sa 'ya'yanta cikin aikin, ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ta san abin da ya shiga cikinsu, su kuma sun koyi awo da lissafi da tsabta. Amma fa aiki ne na wuta, wuta kuwa ba ta san ɗan gida ba.

Gashi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun da daɗewa a ke gasa gurasa cikin tanderu a birnin Kano, gireba kuma, wadda sunanta ya samo asali daga Larabci, tana cikin kayan garar amare tare da alkaki da nakiya da dubulan. Burodi da biskit da kek su ne suka zo daga baya. A Jos haƙar kuza ce ta tara Turawa da Kwarori da mutanen Kudu da na Arewa tun farkon ƙarni na 20, kowa da irin girkinsa. Kamfanin NASCO, wanda aka kafa a garin a 1963, ya zo ya yi suna wajen yin biskit.

Ita alkamar da a ke yin fulawa da ita, mafi yawanta daga ƙasashen waje a ke sayo ta. A 1987 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da alkama, aka yi shekaru burodi na tsada, har aka ɗage hanin a 1992. Abin da aka gane a wancan lokaci yana nan da amfaninsa, watau ana iya haɗa fulawa da garin amfanin gonar gida. Mutanen Filato sun yi dace a nan, don ƙasarsu ƙasar acca ce da dankali da karas.

TANDA TA TUKUNYA

Wadda ba ta da tanda sai ta nemi babbar tukunyar ƙarfe mai murfi, ta zuba yashi wankakke busasshe a ciki, kaurinsa kamar yatsa biyu. Ta jera duwatsu uku ƙanana masu tsawo ɗaya a kan yashin, a kansu ne farantin gashi zai zauna. A rufe tukunya, a ɗora kan gawayi ko risho ko gas, a bar ta ta yi minti 15 tana ɗaukar zafi. In da gawayi a ke aiki, a ɗibi garwashi kaɗan a zuba bisa murfin, don zafi ya zo ta sama da ta ƙasa. Hanyar gane ko zafi ya yi daidai ita ce a barbaɗa ɗan gari a farantin: in ya yi ja a hankali bayan 'yan mintoci, to ya yi, in ya yi baƙi nan da nan, a rage wuta.

Akwai gargaɗi game da yashin, musamman ga mazauna Jos da Bukuru da Barikin Ladi. Kada a aiki yaro ɗebo yashi a tsofaffin wuraren haƙar kuza. Kududdufan nan da aka bari suna da zurfi ƙwarai, gefensu na zaftarewa, sun kuwa ci rayuka. Bayan haka, tarin ƙasar da aka tace kuza daga cikinta tana ɗauke da wasu ma'adinai masu fitar da tururin da ido ba ya gani, wanda bai kamata ya kusanci abinci ba. Wanda bai sami yashin rafi mai tsabta ba, gishiri ya isa, ana kuma iya ajiye shi a yi ta gashi da shi sau da yawa.

Gwangwanin madarar ruwa shi ne mudun wannan darasi, shi ne kuma mazubin kek. A wanke shi sarai, babba ya danne bakinsa da bayan cokali don kada ya yanki yaro. Gwangwanin da ya yi tsatsa, ko wanda aka taɓa zuba fenti ko maganin ƙwari a ciki, a jefar.

GIREBA

Da gireba ya kamata a fara, domin ba ta bukatar ƙwai ko abin sa kumburi, kuma da wuya ta ɓaci. A tanadi fulawa gwangwani 4, sukari gwangwani 1, man gyaɗa gwangwani 1, da riɗi cikin tafin hannu. A daka sukarin ko a niƙa shi ya yi laushi kamar gari, don sukari mai tsakuwa ba ya narkewa cikin mai. A tankaɗe fulawa, a haɗa da sukarin, sa'an nan a riƙa zuba mai kaɗan kaɗan ana murzawa da yatsu, har ya zamana in an dunƙula a hannu ya kama jikinsa. Ba a sa ruwa, sai in ya ƙi haɗuwa sam, a yayyafa cokali ɗaya ko biyu.

A barbaɗa riɗi cikin ƙaramin ludayi ko babban cokali, a cusa haɗin a danna da kyau, a kife a kan faranti. Wannan shi ne aikin da yara suka fi so, ɗan shekara huɗu ma zai iya. A gasa da wuta marar ƙarfi wajen minti 20. Mai tanda ta sa digiri 170. Gireba ba ta son ta yi ja, ƙasanta kaɗai ke canza launi. Kada a taɓa ta da zafi, don farfashewa za ta yi. Sai ta huce ta ke yin ƙarfi. Wannan awo ya kan ba da guda 30 ko kusa da haka.

BISKIT NA ACCA

Acca ƙwayarta ƙanana ce, ba ta rabo da tsakuwa, saboda haka sai an rege ta sau da dama, a shanya ta bushe, kana a kai niƙa. Garinta ba shi da danƙon nan da ke cikin alkama, shi ya sa ba ta yin burodi ita kaɗai. Amma a biskit rashin danƙon alheri ne, shi ke sa ya yi garas-garas a baki. A haɗa fulawa gwangwani 2 da garin acca gwangwani 1 da rabin ƙaramin cokali na bekin hoda. A wani kwano a buga bota giram 125 da sukari kashi uku cikin huɗu na gwangwani har su yi fari, a fasa ƙwai ɗaya, a juye garin a kwaɓa. A murza da kwalba mai tsabta, yara su yanka da bakin kofi, su huda da cokali mai yatsu. Minti 15 ya isa.

A cikin hunturun Jos, inda wasu darare sanyi kan sauko kusa da digiri 10, bota ta kan daskare ta ƙi buguwa. A ajiye kwanon cikin ruwan ɗumi na ɗan lokaci, amma kada a bari ta narke ta zama mai.

ABIN DA YA SA KEK KAN FAƊA A JOS

Matan da suka koyi yin kek a Legas ko Fatakwal, in sun dawo Jos, su kan yi mamaki: awo ɗaya, hannu ɗaya, amma kek ya tashi ya yi tozo, sa'an nan ya lotsa ta tsakiya. Ba laifin fulawa ba ne, ba kuma sammu ba ne. Garin Jos yana bisa tudu ne, wajen mita 1,200 sama da bakin teku, iskar da ke danne kome kuwa ta fi sauƙi a can sama. Saboda haka kumfar da bekin hoda ke haifarwa cikin kwaɓi ta kan buɗe da sauri fiye da kima, kafin jikin kek ya yi ƙarfin da zai riƙe ta. Har wa yau, ruwa a Jos yana tafasa ne a wajen digiri 96, ba 100 ba, don haka damshin kwaɓi ya kan tsere da wuri, kek ya fito a bushe. Iskar hunturu kuma ta riga ta busar da fulawar tun tana cikin buhu.

Maganin abin ba shi da wuya. Duk inda littafin girki ya ce ƙaramin cokali ɗaya na bekin hoda, a kankare kansa a rage kaɗan. A ƙara madara ko ruwa babban cokali ɗaya ko biyu. A ɗan ƙara zafin wuta don kek ya kama jiki da wuri, kada kuma a cika gwangwani ya wuce rabi.

Ga awon da ya dace da tudun: fulawa gwangwani 2, dafaffen dankalin Hausa da aka dame gwangwani 1, sukari rabin gwangwani, mai rabin gwangwani, ƙwai 2, madara babban cokali 4, bekin hoda ƙaramin cokali ɗaya da kwata. Dankalin na kawo nasa zaƙin, shi ya sa aka rage sukari. In an sami irin nan mai launin lemo a ciki ya fi, domin yana ƙunshe da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare ido. Gogaggen karas ma yana maye gurbinsa. A shafa mai cikin gwangwanaye, a zuba, a gasa minti 25. Kada a buɗe tukunya kafin minti 15, kome nacin yara. A soka tsinke mai tsabta. In ya fito ba kwaɓi a jikinsa, ya nuna.

RABON AIKI DA TSARON WUTA

Kowa ya wanke hannu da sabulu kafin a fara. Ƙanana 'yan shekara uku zuwa biyar su tsince riɗi, su yi dunƙule. 'Yan shida zuwa tara su yi awo da tankaɗe da kwaɓi, a riƙa tambayarsu: in za a yi rabin wannan awo, gwangwani nawa na fulawa za a sa? Wanda ya kai goma ya fasa ƙwai, ya duba agogo. 'Ya'ya maza su ma a sa su; masu gidajen burodi da masu shayi ai maza ne galibi. Buɗe tukunya da ɗiban garwashi da sauke faranti kuwa aikin babba ne shi kaɗai. Yashin da ke cikin tukunya ya kan riƙe zafi sa'o'i bayan wuta ta mutu, ido kuwa ba ya nuna haka, don haka a ajiye ta inda mai rarrafe ba zai kai ba. Kada a bar yara su lashi ɗanyen kwaɓi, domin ɗanyen ƙwai da ɗanyar fulawa na iya kawo gudawa.

Babban haɗari a garin sanyi shi ne shigar da gawayi cikin ɗaki a rufe ƙofa da taga. Garwashi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Ta kan fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai barci, daga nan sai mutuwa, yara kuma su ta kan fara kayarwa. A yi gashi a tsakar gida ko a madafa mai buɗaɗɗiyar taga. In wani ya ce kansa na sarawa, a fitar da kowa waje nan take.

Idan yaro ya ƙone, a riƙa kwarara ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin har minti 20, a lulluɓe sauran jikinsa don kada sanyi ya kama shi. Ba a shafa ƙwai ko manja ko toka ko man goge baki, ba a kuma fasa bororo. A rufe da tsumma mai tsabta. Ƙunar da ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko wadda ta taɓa fuska ko hannu ko al'aura, ta asibiti ce.

YAWAN ZAƘI

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da a ke ƙarawa cikin abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini, in ma ya sauka ƙasa da kashi 5 ya fi. Ga babban mutum kashi 5 ɗin nan wajen ƙaramin cokali 6 ne, na yaro bai kai haka ba. Gireba ɗaya ta awon da aka bayar tana ɗauke da kimanin cokali ɗaya, kwalbar lemo ɗaya kuwa ta haura cokali 8. Watau guda biyu bayan cin abinci sun ishi yaro, da ruwa ko madara, ba da lemon kwalba ba, ya kuma goge haƙora kafin ya kwanta. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma ko kaɗan, wanda bai kai biyu ba kuma gara a bar shi da ayaba da gwanda. In za a sa gyaɗa, a tsince mai ruɓa da mai fumfuna a zubar, sauran a daka, don gudar gyaɗa na shaƙe ƙaramin yaro.

Abin da ya rage a bar shi ya huce sarai, a zuba cikin gwangwani ko bokiti mai murfi mai kamawa. Gireba da biskit su kan yi mako biyu, kek na dankali kuwa a cinye shi cikin kwana biyu. Rufewar ba don ƙuda da tururuwa kaɗai ba ce. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969, ya kuma ɓarke a Jos a 1970, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashin da ya ke bari a kan abinci. Saboda haka fulawa da sukari su ma a rufe su, acca kuma in an rege ta a shanya ta bisa tire a wuri mai tudu, ba a ƙasa ko bakin hanya ba, a kwashe ta kafin magariba.