LAGIRETO DA ZAFIN INJI A TSOHUWAR MOTA

A garuruwanmu da yawa har yanzu akwai tsofaffin motocin Peugeot 404 da 504. A Faransa aka fara ƙera 404 a shekara ta 1960, 504 kuwa a 1968. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa su a Kaduna. Akori-kura irin wannan ita ce mai kai hatsi kasuwa, ita ce kuma mai kai mara lafiya asibiti da dare. Abin da ya fi kashe injinta shi ne zafi. A wannan darasi za mu ga yadda za mu zaɓi lagireto, da yadda za mu tsare shi.

Aikin lagireto

Sa'ad da mai ya ƙone cikin inji, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai ke tura mota. Kashi ɗaya yakan fita ta salansa, sauran kuwa ruwa ne ke ɗauke shi. Famfo yana tura ruwan zuwa lagireto, inda yake bi ta ƙananan bututu, iska tana hura su, ya huce, ya koma cikin inji. Injin fetur na waɗannan motoci kansa na alminiyam ne. In zafi ya yi yawa sai kan ya lanƙwashe, gasket ya ƙone. Kuɗin wannan gyara ya fi na lagireto nesa ba kusa ba.

Kafin mu saya

Ba kullum ne laifin yake ga lagireto ba. Bari mu fara duba waɗannan:

1. Fambel. Mu danna shi da babban yatsa. In ya lotsa fiye da santimita 1 da rabi, ya yi sako-sako.
2. Murfi. Ruwa yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, amma a tudu kamar Jos yakan tafasa a wajen 96. Murfi mai kyau yana matse ruwan don kada ya tafasa da wuri. In robarsa ta tsage, ko an toshe bakin da tsumma, wannan taimako ya tafi.
3. Tamostat. Shi ne ƙofar da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗumama. Mu sa shi a tukunyar ruwa bisa wuta. Lalle ya buɗe kafin ruwan ya tafasa. In bai buɗe ba a sa sabo. Kada a cire shi a bar gurbin haka, gama injin da ba ya ɗumama da safiyar hunturu yakan sha mai, ya kuma ci kansa.
4. Gasket. In kumfa tana tasowa a bakin lagireto, ko baƙin mai ya koma kamar madara, gasket ya riga ya ƙone. Sabon lagireto ba zai yi maganin wannan ba.

Bayan haka sai mu ɗumama inji, mu kashe shi, mu shafa jikin lagireto a hankali. In wani gefe da zafi, wani da sanyi, bututun sun toshe.

Wane iri za mu zaɓa?

Akwai na tagulla, irin wanda motar ta zo da shi. Yana da nauyi, amma mai gyara yana iya buɗe shi, ya zurare bututun ɗaya ɗaya, ya liƙe da darma. Akwai kuma na alminiyam. Ba shi da nauyi, yana kuma sanyaya ruwa sosai, amma da yawa tankinsu na roba ne, in ya tsage da wuya ya liƙu. Ga wanda ke nesa da birni, mun ga na tagulla ya fi. In tsohon bai ruɓe ba, gyaransa ya fi sayen sabo mara ƙwari. Araha ba ta ado.

In saye ya zama dole, mu tafi da tsohon a hannu. Mu gwada tsawo da faɗi, da wurin ƙusoshi, da inda bakin tiyo yake sama da ƙasa. Mu gaya wa mai kanti ko injin na fetur ne ko na gas, domin ba ɗaya ba ne. Mu leƙa ciki mu ƙirga layin bututu. Motar da ke ɗaukar kaya a watan Afrilu, mai layi 3 ya fi mata mai layi 2, muddin fankarta tana aiki daidai. Na hannu kuwa, a toshe bakunansa, a nutsa shi cikin ruwa, a hura masa iska. Inda kumfa ta fito, nan yake yoyo.

Ruwan da muke zubawa

Yawancin lagireto ruwa ne ke kashe su, ba tsufa ba. Mun san farin abin nan da ke kama cikin butar shayi. Haka ruwan rijiya ke yi cikin bututu. Ruwan kududdufi kuma laka yake kawowa. Mu tari ruwan sama mu tace, mu haɗa da ruwan sanyaya inji da ake sayarwa, gama yana hana tsatsa. Mu juye mu wanke kowace shekara 2. Kada mu zuba ƙwai ko garin barkono don tsai da yoyo. Za su toshe ramin, su toshe bututun kuma. Bayan girbi mu wanke ƙaiƙayi da ƙura daga fuskarsa, muna watsa ruwan daga baya.

In allura ta hau a hanya

Mu tsaya, mu kashe inji, mu ɗaga bonet, mu jira rabin sa'a. Kada mu buɗe murfi da zafi, gama tururi yana ƙona fuska da hannu. Kada kuma mu kwarara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, domin kan yana iya tsagewa.

Tambayoyi

1. Daga ina muke ɗiban ruwan motarmu?
2. Yaushe aka duba murfi da fambel?
3. Wa ke da alhakin duba ruwa kowace safiya, tun inji yana da sanyi?