Wata Shidan SIWES: Wa Zai Duba Aikin Ɗalibin Kwamfuta?

Kowace shekara idan lokacin horon sanin makamar aiki, wato SIWES ko IT, ya zo, za ka ga samari da 'yan mata daga Rigachikun, Kawo, Mando da Mararraban Jos riƙe da takarda daga makaranta suna bin ofisoshi. Wasu ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ne, wasu na Jami'ar Jihar Kaduna, wasu na AFIT ta sojojin sama ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kuma tambayarsu ɗaya ce: ina zan samu wurin IT? Sana'ata rubuta manhaja ce, tana kuma haɗa ni da waɗannan ɗalibai sau biyu: lokacin da suka zo neman wuri, da lokacin da suka dawo neman aiki bayan bautar ƙasa. Abin da nake gani a tsakanin zuwan biyu ya sa na tsaya a kan cewa wurin da ɗalibi ya yi horo ba shi ne ke raba wanda zai samu aiki da wanda zai yi ta yawo da fayil ba. Abin da ke raba su shi ne ko a cikin watannin nan an samu wani gwani da ya zauna ya karanta abin da ɗalibin ya rubuta, ya ce masa nan ka yi daidai, nan kuma koma ka sake.

Sai an waiwayi asalin shirin kafin a ga inda gizo ke saƙar. An kafa hukumar ITF, mai hedikwata a Jos, a shekarar 1971, ita kuma ta ƙirƙiro SIWES a 1973 saboda masu masana'antu suna kukan cewa waɗanda suka gama manyan makarantu sun san littafi amma hannunsu bai taɓa inji ba. Zamanin masaƙun Kakuri ke nan. Ba a jima ba kamfanin haɗa motocin Peugeot ya buɗe a 1975, matatar man Kaduna ta biyo baya a 1980. A irin waɗannan wurare tsayuwa kusa da inji ma karatu ce, domin ido yana ganin yadda zare ke shiga da yadda yadi ke fita, kunne yana jin lokacin da ƙarar inji ta canza. Aikin manhaja ba haka yake ba. Ɗalibi zai iya yin wata shida a bayan kujerar ƙwararre, abin da zai gani kawai mutum ne yana kallon allo yana danna madannai. Tunanin da ya sa aka zaɓi wannan hanya aka bar waccan yana cikin kan mai aikin, ba ya fitowa sai an ba yaro nasa aikin ya yi, ya kuskure, an nuna masa. Mun ɗauki tsarin da aka gina don masaƙa muka ɗora wa sana'ar da ba a koyon ta da kallo, shi ya sa logbuk ɗin ɗalibai da yawa ke cike da "na ga yadda ake", mako bayan mako, kuma kowane shafi da hatiminsa.

To me aiki na gaske ke koyarwa wanda aji ba ya koyarwa? Ɗauki ƙaramin misali, manhajar da ke tattara sakamakon jarrabawa da kuɗin makaranta a wata sakandare mai zaman kanta, irin waɗanda suka cika unguwanninmu. A aji, ɗalibi yana gwada shirinsa da sunaye goma da shi ya ƙirƙira, kowanne tsaf. A makarantar gaske yaro ɗaya zai bayyana sau uku: Muhammad a wannan zango, Mohammed a wancan, Muh'd a takardar banki. Yara da dama za ka tarar an rubuta musu ranar haihuwa 1 ga Janairu domin ba a san ainihin ranar ba. Sunan da ke da ƙ ko ɗ zai fito da alamar tambaya a katin sakamako saboda ba a saita rumbun bayanai ya karɓi haruffanmu ba. Uba zai biya kuɗi, sabis ya ɗauke a tsakiya, ya sake biya, manhaja ta rubuta sau biyu ko ta ƙi rubutawa gaba ɗaya, sai ga rigima a ofishin akawu. Duk maganin waɗannan yana cikin darussan aji biyu da aji uku, musamman darasin tsara rumbun bayanai, amma ɗalibin da bai taɓa tsayawa gaban akawun da ransa ya ɓaci ba yana ɗaukar su abin haddacewa don jarrabawa. Sannan akwai abin da ya fi wannan: yawancin ranakun mai rubuta manhaja suna tafiya ne wajen karanta abin da wani ya rubuta shekarun baya ya tafi, da gyara shi ba tare da an rushe abin da ke aiki ba, da adana kowane canji a Git yadda abokin aiki zai gane dalilinsa. Furojet ɗin ƙarshen shekara, wanda mutum ke farawa daga farar takarda shi kaɗai, ba ya koyar da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Mu a Kaduna bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Kasuwar Panteka tana nan kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha a Tudun Wada, kuma babu wanda ke kai ɗansa can ya tambayi girman rumfa ko kyan allon suna. Hannun maigida ake tambaya, da kuma ko yana barin yara su riƙe kayan aiki, ko kuwa aiken sayen abinci kawai suke yi. Yaron da ya yi walda ta karkace, maigida zai sa shi ya ɓalle ya sake. Da wannan ma'auni ya kamata uba ya auna wurin IT, amma da zarar an ce kwamfuta sai a koma neman ofis mai na'urar sanyaya ɗaki da sunan da za a faɗa a gidan biki.

Za a ce, to ai kamfanonin manhaja suna Legas da Abuja, ɗan Rigachikun ina zai samu gwanin da zai duba masa aiki? Akwai gaskiya a ciki, Kaduna ba Yaba ta Legas ba ce, kuma wuraren kirki ba su kai yawan masu nema ba. Amma ba fayau garin yake ba. A Rigachikun ɗin kanta, a bakin titin Zariya, hedikwatar Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, take, cibiyar da aka kafa a shekarun 1970, tana koyar da malamai daga nesa a duk jihohin ƙasar nan. Kusa da filin baje koli kuma akwai harabar Buɗaɗɗiyar Jami'a, NOUN. Duk hukumar da ke riƙe da rajista da sakamakon dubban mutanen da ba ta ganin su ido da ido, aikin bayanai ne ƙashin bayanta. A cikin gari akwai KADGIS mai riƙe da bayanan filaye, da cibiyoyin rubuta jarrabawar JAMB a kwamfuta, da Outsource Global da Amal Hassan ta kafa, da CoLab da Sanusi Ismaila ya buɗe a Barnawa a 2016. Ban jero sunayen nan don in ce duk wanda ya shiga ya tsira ba, domin a hukuma ɗaya wani sashe zai ba ka aiki, na kusa da shi ya ajiye ka gaban injin kwafi. Kafin ɗalibi ya miƙa takarda ya tambaya cikin ladabi: wa zan zauna a ƙarƙashinsa, shi kansa yana rubuta manhaja ko kula da na'urori, kuma wane aiki ɗaliban bara suka bari a nan? Idan amsa ta yi ta kewaye-kewaye, ya gode ya nemi gaba. Kamfanin mutum biyu a ɗaki ɗaya, mai kwastomomi biyar masu kira idan abu ya lalace, ya fi masa hawa na uku a sakatariya.

Idan kuma duk da haka wurin da aka samu na zaman banza ne, ƙofa ba ta rufe ba, kuma a nan ne wannan sana'a ta fi injiniyan gini sa'a. Manhajojin da ake ginawa a fili a GitHub suna karɓar gyara daga kowa, kuma kafin a karɓa sai masu kula da su sun karanta layi-layi sun yi tambaya. Shirin Google Summer of Code, wanda ya fara a 2005, da Outreachy suna haɗa mai koyo da jagora, har da ladan aiki, duk da cewa gasar shiga tana da zafi. Ƙungiyoyin Masakhane da HausaNLP, inda masana irin su Shamsuddeen Hassan Muhammad ke aikin koya wa kwamfuta harsunan Afirka, suna buƙatar wanda Hausa ta zauna a bakinsa, abin da ɗan Indiya ko ɗan Amurka ba zai yi takara da kai a kansa ba. Gyara guda uku da baƙi suka duba suka karɓa sun fi nauyi a teburin mai ɗaukar aiki fiye da logbuk mai shafi hamsin.

Daga ɗaya ɓangaren kuma akwai masu cewa, in dai hannu ne abin nema, me ya kai mutum jami'a? Suna nuna yajin aikin ASUU na 2022 da ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, suna nuna shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 da kwasa-kwasan wata uku da suka cika intanet. Ban raina waɗannan ba, wasu sun ci abinci da su. Sai dai gajeren kwas yana koya maka kayan aikin da ake yayi bana, kuma yayi yana wucewa. Ranar da manhajar da ke gudu da mutum ɗari ta durƙushe da mutum dubu goma, wanda ya san tsarin ajiye bayanai da yadda ake auna nauyin lissafi shi ake kira. Zuwan ƙirƙirarriyar basira ya ƙara wa wannan magana ƙarfi: yanzu na'ura tana rubuta shafi guda cikin daƙiƙa, ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon shiga suna raguwa, abin da ya rage wa mutum shi ne ya gane lokacin da abin da ta rubuta ya yi kyau a ido amma zai zubar da bayanan jama'a. Wannan ganewa tana buƙatar tushen da aji ke bayarwa da idon da gyaran gwani ke wasawa, su biyun tare. Ga kuma zahirin ƙasarmu, inda aikin gwamnati da bautar ƙasa da karatun gaba duk sai da takarda.

Maganar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta kuɗi. Alawus ɗin da aka daɗe ana biyan ɗalibin jami'a a SIWES naira 2,500 ne a wata, 15,000 ke nan a wata shida, kuma sau da yawa sai an gama horon da daɗewa yake fitowa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin motar wanda zai tashi daga Rigachikun ya bi ta Kawo ya ƙetare kogi zuwa Barnawa kullum ya fi ƙarfin gidaje da yawa, ga data, ga wuta. Shi ya sa ba na zargin ɗalibin da ya zaɓi ofis mafi kusa da gida, ko iyayen da ba sa son 'yarsu ta riƙa dawowa bayan magariba. Amma wannan ma yana da sassauci idan an yi magana tun farko: kwana biyu a ofis, sauran a gida, a riƙa tura aiki ana dubawa, tunda haka sana'ar take tafiya a duniya yanzu. Idan kuma gida zai iya abu ɗaya tak, to ya zama laftof, ko da ta hannu ce, tun ɗalibi yana aji ɗaya, domin wanda ya isa aji uku bai taɓa gina komai da kansa ba, babu gwanin da zai samu abin dubawa a wurinsa.

Nauyin bai tsaya a kan ɗalibi ba. A Jami'ar Cincinnati ta Amurka aka fara tsarin karatu da aiki bi-da-bi a 1906, Jami'ar Waterloo ta Kanada kuma ta yi suna da shi tun 1957, kuma a can makaranta ce ke nemo kamfanoni ta bi sawun abin da ɗalibi ya yi. Mu ma muna da dama a hannu: sabon tsarin karatu na CCMAS da hukumar NUC ta fitar a ƙarshen 2022 ya ware ilimin kwamfuta a matsayin fanni mai zaman kansa, ya kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Sashen da ya ga dama zai iya cewa makin SIWES ba zai fito daga hatimi ba, sai ɗalibi ya buɗe aikinsa gaban malamai ya nuna abin da ya rubuta, da gyaran da aka yi masa, da sunan wanda ya yi gyaran. Mu masu karɓar ɗalibai kuma mu daina fakewa da cewa bayanan kwastoma amana ne. Amana ne, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ma ta ɗora mana alhakinsu, amma kowane kamfani na kirki yana da kwafin gwaji mai sunayen bogi inda ake jarraba canji kafin ya isa ga jama'a. A sa ɗalibi a can, a ba shi ƙaramar matsala ta gaske daga cikin jerin ƙorafin kwastomomi, a ware awa ɗaya duk mako a zauna da shi a bi abin da ya rubuta, idan ya yi kyau a tura shi cikin manhajar da mutane ke amfani da ita, a kuma gaya masa an tura.