Labarin Kisan Kai Kike Rubutawa? Fara Da Abin Da Ke Cin Ranki

Wata ƙanwata marubuciya ta turo min babi uku na sabon labarinta ta WhatsApp. Gawa biyu, bindiga, ɗan sandan ciki mai baƙin tabarau. Na karanta har ƙarshe, ko gezau. Na ce mata, "Me ya sa kike rubuta wannan?" Ta ce, "Anti, ai irinsa ne ke tashe yanzu." To, nan gizo ke saƙar. In ke ma kina da irinsa ajiye a waya, ga abin da za ki yi daga gobe da safe.

1. Rubuta abin da ke cin ranki a layi ɗaya.
Kafin ki kashe kowa a takarda, ki san wa kike jin haushi. A Suwidin, Maj Sjöwall da Per Wahlöö sun rubuta littattafai 10 na ɗan sanda Martin Beck daga 1965 zuwa 1975, kuma da gangan suka yi su don bankaɗo ɓarakar ƙasar da ake ta yabo. A nan gida, Sulaiman Ibrahim Katsina ya gina Turmin Danya na 1982 a kan fasa-ƙwauri da cin hanci. Naki fa? Cinye gadon marayu? Jabun magani? 'Yar aikin da ta ɓace ba wanda ya cigita? Rubuta, ki liƙa a jikin madubi.

2. Ɗebo daga inda kike yini.
Agatha Christie ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na wani asibiti a Torquay ta Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Shi ya sa guba ta cika littattafanta, tun daga na farko da ya fito a 1920. Arthur Conan Doyle likita ne, kuma lurar malaminsa Joseph Bell ya ara wa Sherlock Holmes. Ke nas ce, ko tela, ko mai POS? Kin san yadda ake ƙarya a wannan sana'ar fiye da kowa. Jari ne, kar ki bar shi ki tafi aro a fim.

3. Zaɓi abu ɗaya da hannu zai iya ɗauka.
Wannan ne manazarta ke kira alamci: ƙaramin abu ya ɗauki babbar magana. Duba My Sister, the Serial Killer na Oyinkan Braithwaite, wanda ya fito a 2018. A Legas, Ayoola tana kashe samarinta da wuƙar mahaifinsu, mutumin da ya gallaza musu, yayarta Korede kuma tana bin bayanta da bilic tana goge jini. Wuƙar nan gadon zalunci ce. Bilic kuwa rufin asirin gida ne, irin wanda ake ɗora wa babbar 'ya. Abu biyu kacal, duka ana samun su a kowane gida. Ki leƙa ɗakinki, naki yana nan.

4. Ki sa shi aiki biyu.
Alamar da ba ta taimaki bincike ba, ado ce kawai. A ce labarinki na gadon marayu ne. Ɗan sanda ya tsinci ƙwayar carbi ɗaya a ƙarƙashin gadon mamaci. A zaman makoki, ga kawu a sahun gaba yana jan carbi, zarensa sabo fil, fari tas, ƙwayoyin kuwa sun sha hannu. Ga ɗan sanda, shaida ce. Ga mai karatu, kin gama faɗa masa wane irin mutum ne kawu, ba ki zage shi ko sau ɗaya ba.

5. Kar ya zauna wuri ɗaya.
A And Then There Were None na Christie, 1939, mutum goma ne a tsibiri, da 'yan mutum-mutumi goma a kan teburin cin abinci. Duk wanda ya mutu, sai a ga ɗaya ya ragu. Tun kafin a ga gawa, teburin ya riga ya kaɗa hantar mai karatu. A The Maltese Falcon na Dashiell Hammett, 1930, ana ta kashe juna a kan mutum-mutumin shaho, da ya zo hannu sai ga shi jabu. Ke sau uku ya ishe ki: a farko abin ya wuce kamar ba komai, a tsakiya ya jawo tambaya, a ƙarshe ya tona asiri.

6. Kar ki yi fashin baƙi.
Buɗe labarinki ki nemo duk inda kika ce "wannan yana nuna cewa", ki goge. Haka doguwar nasihar da ɗan sanda ke yi a babin ƙarshe. Gani ya kori ji. In kin nuna sabon zaren nan da kyau, mai karatu zai yi wa kansa wa'azin.

7. Gwada a kan mutum ɗaya.
Ba wa ƙawar da ba ta jin kunyarki. Bayan kwana biyu ki yi mata tambaya biyu: wane abu kika fi tunawa, kuma wa ya fi ba ki haushi? In amsarta ta dace da layin da ke jikin madubi, kin ci. In ta ce tabarau ɗin ɗan sanda, koma mataki na uku.

Ƙanwar tawa ta cire bindiga da gawa ɗaya. Ta bar wata tsohuwa, da kuɗin adashe, da mabuɗin akwati ɗaure a bakin zani. Na raba dare ina karantawa. Gobe bayan kin idar da sallar asuba, kafin ki buɗe data, ɗauko biro ki rubuta layi biyu: abin da ke cin ranki, da abin da zai ɗauke shi. Gawa ta jira zuwa jibi.