Zaftarewar Ƙasa da Yadda Mutane Ke Dubanta

A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ruwan sama ya fi na arewacin Katsina yawa, ƙarfinsa kuwa cikin watan Agusta ne. Ba mu da dogayen tsaunuka, amma muna da gaɓar rafi mai zubewa, da kwazazzabai masu cin gonaki, da ramummukan da a ke haƙar ƙasar gini da farar ƙasa irin ta Ƙanƙara. In gefen ɗayansu ya zafto, sai ka ji kowa da irin dalilin da ya ke bayarwa.

Manomi ya kan ɗora wa ruwa laifi, gama da idonsa ya ga ƙorama tana cin gindin gaɓa. Mai haƙa ya san hatsarin sarai, amma yunwar gidansa ta fi masa kusa da tsoron rami. Waɗansu tsofaffi su kan ce iskokin wurin aka taɓa. Malamanmu kuwa su kan tuna mana da ƙaddara, sa'an nan su ƙara da cewa tawakkali ba ya hana hattara.

To, masu ilmin ƙasa ga abin da suka gano. Ruwa in ya shige cikin ƙasa sai ya ƙara mata nauyi, ya kuma rage mata riƙo. In an riga an sare itatuwan da saiwoyinsu ke ɗaure ta, ko an rarake gindinta, sai ta sulluɓo gaba ɗaya.

Labari biyu na nesa za su nuna mana illar ƙin sauraron juna. A 1966, a ƙauyen Aberfan na Birtaniya, an tara tarkacen ramin kwal bisa idon ruwa. Mutanen ƙauyen sun daɗe suna kuka, masu iko ba su kula ba, har tarin ya gangaro bisa makaranta, ya kashe mutum 144, 116 daga ciki yara ne. A watan Agusta na 2017 kuma, kusa da Freetown ta Saliyo, an sare kurmin gefen dutse an yi gidaje, ruwa ya yi ta zuba, gefen ya zafto, mutum fiye da 1,000 suka mutu ko suka ɓace. Can manya ne suka raina maganar talakawa, nan kuwa rashin wurin zama ya rinjayi gargaɗin masana.

Ashe kowa yana riƙe da gutsuren gaskiya. Aikinmu, mu da za mu shiga ƙauyuka koyarwa, shi ne mu haɗa gutsattsarin. Mu tambayi dattawa inda ƙasa ta taɓa zubewa, gama sun fi mu sanin wurin. Mu koya wa yara alamu uku: tsaga a bakin gaɓa, da itacen da ya soma karkata, da ruwa mai laka yana tsattsafowa daga jikin rami. Mu roƙi dagatai su hana yi wa rami kogo da damina, a shuka gamba da jema a bakin kwazazzabai.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyashe mu, amin.